Kibiyar Sama

An tashi kasuwa a Titin Bairut,
masu gyaran waya sun ja ƙyaurensu.
Saura ni da baƙin allo,
da janaretan Ɗan'azumi da ke tari a bayan shago.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba:
in buga harufa uku, in danna kibiyar sama,
na'ura ta tuno min sauran,
yadda ta saba yi wa Malam Nafi'u
shekara shida a kan kujerar nan
da ta lotsa daidai ƙugunsa, ba nawa ba.

Na danna.
Ta tofo min hula, baka biyu, da harafin A.
Na sake. Hula, baka biyu, A.
Kamar ka yi wa kurma sallama
ya miƙo maka gishiri.

Na buɗe ɓoyayyen fayil ɗin nan mai ɗigo a goshi,
inda ake ɗaura wa kowane madanni aikinsa.
Na bi layin da yatsa.
Alamar zance tana nan, karkataccen sanda yana nan,
ban ci harafi ko ɗaya ba.
Na goge duk da haka. Na sake rubutawa.
Na rufe, na buɗe, na ja tsaki.
Gurasar da na saya tun la'asar ta bushe a leda.

Goma saura kwata na kira shi.
Can Yakasai, ina jin jikokinsa suna rigima kan rediyo.
Bai bari na gama ba.
Ya ce, Wa kake wa magana?
Na ce, Bash mana.
Ya ce, Bashir mai shayi ko na cikin na'ura?
Ya yi dariya har ya ƙware.
Tambaye ta sunan mai amsa maka, yaro.

Na tambaya.
Harufa biyu ta bayar, ba huɗu ba.
Ashe ran da na buɗe asusu da sunana
wani tsoho aka zaunar min a zaure,
mai aiki ne, amma ba ya riƙe abin da ka faɗa ɗazu,
bai san kibiya ba balle baka.
Awa uku ina tura wasiƙa
gidan da mai shi ba ya ciki.

Na sauya, na fita, na shigo.
Kibiya ta daina tofi.
Sai dai ta yi shiru,
don ni ba ni da jiya a wannan allo.

Ya ce, Ɗauki tarihina, yana nan a lunguna,
me zan yi da shi yanzu?

Na kwafo. Layi dubu huɗu da 'yan kai.
Na buga harufa uku, na danna,
sai ga hannunsa.
Dogayen umarni masu gwiwa da gaɓa,
ba tuntuɓe, ba waiwaye,
irin tafiyar wanda ya san hanyar Kurmi da dare.

Na ci gaba da dannawa ba don aiki ba.
Can kusa da ƙarshe
harufa suka fara musayar wuri.
Umarni ɗaya, sau biyar, kowanne da gurguwar ƙafarsa.
Sannan layin da ya ƙara girman rubutu.
Bayan kwana nawa, oho, ya sake ƙarawa.
Sannan lambar waya tsirara,
an buga ta inda ba a buga lamba,
na gane ta, ta asibitin ido ce.

Bai taɓa faɗa mana ba.
Cewa ya yi ya gaji da hayaniyar kasuwa.

Yana kan layi har yanzu.
Ya ce, Ta yi?
Na ce, Ta yi, Malam.
Janareta ya yi tarinsa na ƙarshe,
allon ya rage shi kaɗai da haske,
yatsana a kan kibiyar, ban ɗaga ba.